Yahudancin Habsa Mai Kopto

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Lahadi ta Filinge ya san Habsa mai kopto, wato kwaɗon zogale, in bai san ta da ido ba ya san ta da kunne. Rumfarta na bakin hanyar da ke shiga kasuwar bisashe, inda dillalai ke zuwa su toshe yunwa da hantsi. Zogalenta na dahuwa sosai, ba ta kuma ha'incin ƙuli-ƙuli, amma ba wannan ke tara mata mutane ba. Don bakinta ake zuwa. Mace ce da Allah ya yi wa kaifin harshe, kuma bai tsaya mata ga harshe ɗaya ba. Zabarmanci ta tsince shi tun tana yarinya wajen bin innarta kasuwar Bonkuku. Fillanci wajen masu nono ta kwashe shi. Da rikicin Mali ya koro mutane zuwa Abala, kafin damina ta kewayo Habsa na ciniki da matan Buzaye da harshensu, har tana yi musu tsiya. Ba ta taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, ko sunanta ba ta ganewa a takarda. In an yaba mata sai ta ce, "Harshe ai ba gona ba ta da za a ce sai mai gado. Wanda dut kunnenshi ke buɗe shina samu."

Bakin nan da ya ishi kowa, mutum ɗaya ne bai taɓa samun rabonsa ba, shi ne Nafi'u, ɗanta na fari. Kunyar ɗan fari Habsa ta riƙe ta kamar sallah. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa ba, ko faɗuwa ya yi yana ƙarami sai ta kau da kai ta jira wata ta ɗauke shi. Mata suna yaba ta, suna cewa ga mace mai kunya. Ba wanda ya tambaye ta abin da yabon nan ke ci mata a ciki.

Shekarar da mijinta Ɗangoma ya rasu, hatsi kuma bai yi ba, Nafi'u ya ɗauki jakarsa ya nufi Agadas. Daga nan Libiya. Da Libiya ta yi zafi ya bi wasu samari zuwa Masar, suka keta hamada da ƙafa, suka tsallaka wayar kan iyaka, suka faɗa Isra'ila. Can ya yi wankin kwanoni, daga baya ya koma aikin gini. Ya auri wata 'yar Eritiriya mai gudun hijira irinsa, suka haifi namiji ya sa masa Sahabi. In ya kira waya, Habsa sai ta miƙa wa ƙanwarsa Latifa ta ce, "Amshi, wanki na." Sa'an nan ta jawo kujera kusa-kusa tana tsinkar zogale, kunnenta duk yana kan wayar. Haka suka yi shekara da shekaru. Wata safiya aka kira, ba muryarsa ba ce. Ya faɗo daga saman gini, an rufe shi can. Ko a zaman makoki Habsa ba ta yi kuka gaban mutane ba, don har mutuwar ɗan fari kunya na da rabo a ciki. Mata suka sake yaba ta.

Bayan an share makoki matar Nafi'u ta kira ta bidiyo, ta tura fuskar yaron gaban waya. Ya kai shekara goma sha uku, dogo, siriri, goshin ubansa sak. Habsa ta ji abin da ta daɗe tana dannewa ya taso mata. To shi jika ba a kunyarsa. Jika shi ne inda tsohuwa ke sauke duk abin da ta ɗaure a kan ɗa. Ta buɗe baki ta zuba masa Hausa, yaro ya yi murmushi. Ta juya Zabarmanci, ta juya Fillanci, har na Buzaye ta gwada don ruɗewa. Yaro na ɗaga mata hannu kamar mai sallamar mota. Ubansa na fita tun asuba ya dawo a gajiye, bai bar masa komai na Hausa ba sai "sannu" da "lafiya lau". Harshen da yaron ya tashi da shi, na lakwal da na titi, Ibrananci ne, wanda mutanen gari ke ce wa Yahudanci. Ranar nan Habsa mai kopto, wadda ba a taɓa kashe wa baki a kasuwa ba, ta zauna gaban jikanta kamar bebiya. Abin ya ƙona mata rai ƙwarai.

A duk Filinge mutum ɗaya ke jin harshen nan: Kailu, mutumin Tabla, abokin tafiyar Nafi'u. Shi ma ya daɗe can yana wankin kwanoni, har ranar da aka ba shi zaɓi tsakanin gidan kaso da jirgi, ya zaɓi jirgi. Yanzu yana da tebur gefen tasha, da faifan sola, yana sa wa mutane caji yana gyaran waya. Shi aka riƙa kira yana tafinta. Habsa ta faɗa, Kailu ya juya, yaro ya amsa, Kailu ya sake juyawa. Ba a daɗe ba ta gaji da wannan.

Wata la'asar ta same shi a teburinsa, ta dire masa kwanon kopto.

"Kailu, harshen ga nike so ka koya mani."

Ya yi dariya har ya saki abin kwance waya. "Haba Inna! Da tsuhwanki? Ni da niz zamna cikinsu ma da ƙyar nis samu na cin abinci. Ba ga ni ba? Dut sa'ad da kike so ki aiko."

"Tuwon da wani yat tauna maka ba shi ƙosarwa," in ji ta. "Abokinka ya tahi ban taɓa ce mashi komi ba. Ɗan nashi ma sai da bakin aro? Mi suka ce ma ruwa?"

Kailu ya daina dariya. Ya ce, "Mayim."

"Mayim. To, gishiri hwa?"

Haka makarantar ta fara. Kailu ba malami ba ne, shi kansa baƙaƙen harshen kaɗan yake ganewa, masu kama da sawun kaza. A ɗakin girki ya koyi harshen, inda ake daka masa tsawa, don haka da abin da ya sani ya fara: ruwa, gishiri, wuƙa, kawo, ɗauke, yi sauri, akwai zafi. Yana faɗa mata a waya ya ajiye, ita kuwa ta sa Latifa ta kunna mata tana ji tana dakan ƙuli. Ta gwada a kan awakinta, ta gwada a kan masu sayen kopto. Akwai wasu kalmomi da ake kakaro su daga maƙogwaro kamar mai ƙaya a wuya, ta yi ta fama da su har Latifa ta kawo mata ruwa tana zaton shaƙewa ta yi. Da ta gano cewa harshen ya raba "kai" da "ke", sai ta tafa hannu. Ta ce, "Ashe harshen mutane na! Ya san namiji ya san mace, ba awa Zabarmanci ba da kowa da kowa ɗaya." Wani Bazabarme mai sayar da igiya ya rama mata, aka yi ta dariya.

Ba kowa ya yi dariya ba. Lokacin rediyo ba ta da labari sai na yaƙi da ruwan bama-bamai a kan Falasɗinawa, ran mutane a ɓace yake, na Habsa ma haka, don ta sha ajiye ludayi in an faɗi yawan yaran da suka mutu. Magana ta fara yawo cewa mai kopto ta koma Bayahudiya. Wasu suka ce wani asiri take nema da ya fi na 'yan bori. Alhaji Ɗandije, dillalin da ya shekara yana cin koptonta, ya tsaya nesa da rumfa ya ce, "Habsa, ki ji tsoron Allah. Dut harsunan duniya ki rasa na koyo sai na waɗanga mutane?"

Ta ce, "Alhaji, da jikana cikin rijiya yah hwaɗa, da harshen kwaɗi zan koya. Ni ba ni da jirgi, ba ni da bindiga. Ɗan ɗana nike bi."

Ya daina sayen koptonta, wasu ma suka bi shi. Ta rage zogalen da take dafawa, ba ta rage darasi ba.

Ranar da ta fara yi wa Sahabi magana da bakinta, Kailu na gefe ya kame hannu. Ta ce masa, "Shalom. Ani sabta," wato ni ce kaka. Ta tambaye shi lafiyarsa, ta tambaye shi ko ya ci abinci. Yaron ya zaro ido, ya juya ya ƙwala wa uwarsa kira, ya dawo yana zuba magana kamar an fasa tulu. Ko rabi ba ta kama ba, amma ta kama dariyarsa. Daga nan suka shiga aika wa juna bokal, wato saƙon murya. Yana gyara mata kalma, tana maimaitawa. Ya nuna mata ƙwallonsa, ta nuna masa tunkiyarta. Abin da ya fi ƙarfinta ta kai wa Kailu ya warware. A haka ta san cewa ko da yake can aka haife shi, ba shi da takardun ƙasar. Ta san cewa a cikin mota an sha ce masa ya koma inda ya fito, shi da bai taɓa fitowa daga ko'ina ba. Ta san cewa in ya dawo gida da irin wannan, ubansa kan ce masa, kada ka damu, kana da gari, sunansa Filinge, kana da kaka a can.

Sai wata rana ya aiko da gajeren saƙo, muryarsa ƙasa-ƙasa. Habsa ta ji "sabta", ta ji "zuwa", ta ji "wuri". Kailu ya cika mata sauran. Yaron cewa ya yi, kaka, in na zo wata rana, akwai wurina a gidanki?

Ta sa aka maimaita mata har Kailu ya gaji. Farin ciki ya hana ta zama. Amma da ta natsu sai ta ji kunya ta kama ta. Duk watannin nan da me take yi wa yaron magana? Lafiya, ka ci abinci, Allah ya yi albarka. Maganar baƙo ke nan, irin wadda ake yi wa sabon ma'aikacin da aka turo daga Yamai. Shi ya sa har yake tambaya ko yana da wuri. Jikan gida ba a yi masa haka. Jikan gida kaka na ganinsa take cewa ga mummunan mijina, ga malalacin da bai taɓa kawo cefane ba, tafi can ba na son ka. Shi kuma ya ce tsohuwa mai baki ba haƙori, wa zai zauna da ke. A yi ta yi har a ƙare da ɗan ƙuli a hannu. Wanda ba a zaga ba shi ne bare. Habsa ta yanke cewa tambaya irin wannan ba ta da amsa sai a ba yaro haƙƙinsa cikakke.

"Kailu," ta ce, "yau zagi za ka koya mani."

Kailu ya gyara zama, don an zo fagensa. Abin da ya fi iyawa ke nan, shi aka fi yi masa. Ba wanda ya yi tunani a cikinsu, ko na ƙiftawar ido. Kailu ɗan Kurfai ne, ƙasar su Filinge, kakarsa a Tabla ta zage shi tun yana rarrafe, ya kuma san daɗin abin. Shekarun da ya yi a waccan ƙasa a bayan ɗakin girki ya yi su, bai taɓa shiga gidan kowa ba, bai taɓa ganin yadda tsohuwa ke yi wa jikanta magana a can ba. Ya ɗauka kaka kaka ce ko'ina. Suka zauna suna tsara kalmomi suna ƙyaƙyata dariya, yana gyara mata lafazi har ya fita tas. Habsa ba ta taɓa ƙwazo a darasi kamar wannan ba.

Ranar Asabar da hantsi, da yake yaron ba shi da lakwal, ta ci ado da zanenta na biki. Latifa ta riƙe waya, matan maƙwabta suka taru a bayanta don su ga abin mamaki. Fuskar Sahabi ta fito, yana murmushi, yana jiran amsarsa. Habsa ta ɗaure fuska irin ta wasa, ta nuna shi da yatsa, ta sake masa da Ibrananci tsantsa, ba gargada:

"Kai mummuna. Baƙi kamar gindin tukunya. Malalaci. Wa ke son ka a nan? Ba mu da wuri. Zauna can, ba na son ka."

Matan ba su ji kalma ko ɗaya ba, amma sun san waƙar da ake yi, suka kwashe da dariya har da shewa. Abin da yaron ya gani ke nan: kakarsa na nuna shi da yatsa, bayanta cike da fuskoki ana dariya. Habsa ta karkata kai tana jiran ramuwa, har ta tanadi abin da za ta mayar masa. Murmushin ya bar fuskarsa a hankali. Ya dube ta, ya motsa baki, ya faɗi kalma ɗaya da ta sani, wadda ke nufin "to". Hoton ya ɗauke.

Ta ce, "Rezo na, layi yat tsinke. Sake kira." Latifa ta sake kira, ba a ɗauka ba.

Da azahar Kailu ya shigo gidan ba sallamar kirki, ya tsuguna bakin ƙofar ɗakinta. Uwar yaron ta kira shi, ta wanke shi tas. Ya yi mata bayani iyakar iyawarsa, cewa wasa ne, al'ada ce, so ne. Ta ce masa yaron da aka yi shekaru ana faɗa wa waɗannan kalmomi a mota da filin ƙwallo ba ya jin su da wata ma'ana. Sahabi ya kulle kansa a ɗaki, ya cire hoton ubansa daga bango.

"Ba ka ce mata bakina na bai iya ba?" in ji Habsa. "Ka ce tsohuwa ta, ta yi kure."

"Na hwaɗi, Inna. Ta kai mashi. Yac ce a'a. Yac ce kin yi magana da kyau, babu kalma guda da bai gane ba."

Habsa ta koma ta zauna. Da ta bar Kailu ya ci gaba da tafinta, da ya ji nauyin kalmomin a bakinsa ya tausasa su. Da harshenta ya karye, da an ce kuskure ne. Wahalar da ta sha, da cinikin da ta rasa, da surutun gari da ta haɗiye, duk sun taru ne don maganar ta isa inda aka aike ta ba tare da ta zube a hanya ba. Ta kuwa isa.

Kashegari ta koma teburin Kailu. Ta ce ya koya mata yadda ake neman gafara. Kailu ya sunkuyar da kai, don bai taɓa jin inda kaka ta roƙi jika gafara ba. Kalmar ya san ta sarai, ya faɗe ta ga masu gida ba adadi: siliha. Amma da ta ce ya koya mata yadda za ta ce, a wurinmu wanda ake so shi ake zagi, wanda aka yi wa shiru ma son sa ake, ubanka ban taɓa kiran sunansa ba kuma ban taɓa son wani kamarsa ba, sai Ibranancin Kailu ya ƙare. Harshen ɗakin girki bai kai nan ba. Suka harhaɗa abin da ya samu. Ta riƙe wayar da hannu biyu ta ce, yi haƙuri, wasa, kaka tana so, akwai wuri, akwai wuri babba.

Latifa ta nuna mata alamar da ke cewa an saurara. Amsa ba ta zo ba. Ta sake aikawa bayan sallar Juma'a, ta sake a wata Juma'ar. Tun ana saurara har aka daina. Da lokacin kaka ya yi, ana cikin yankan hatsi, uwar yaron ta aiko wa Kailu cewa sun samu takardun tafiya Kanada, a yi musu addu'a, yaron zai shiga lakwal ta Turanci. Kailu ya tambaya ko za a ba da sabuwar lamba. Ta ce in yaron ya so. Bayan 'yan makonni tsohuwar lambar ta daina shiga.

Habsa na nan a rumfarta har gobe. Alhaji Ɗandije ya dawo cin kopto, ya ce ya ji ta tuba, ta zuba masa ta karɓi kuɗinta. Dillalai na cewa kopton na nan yadda yake amma mai kopton ta lafa. Kailu kan bi ta wata hanya in zai je masallaci, don kada ya gifta ta rumfarta.

A gida akwai Nasiba, 'yar Latifa, wadda ba ta daɗe da fara lakwal ba. Wata la'asar ta dawo ta tarar da kakarta zaune tana tsinkar zogale, ta tsaya gabanta ta riƙe ƙugu ta ce, "Tsohuwa mai kan ƙwarya, yau ma ba ki mutu ba?"

Habsa ta ɗago ta dube ta. Ta ce, "Sannu da zuwa, ɗiyata. Ga hura can, ki sha."

Yarinyar ta tsaya tana jira. Da ta ga ba ƙari, sai ta ruga wajen uwarta tana kuka. Habsa na jin ta daga bayan zana tana cewa, "Inna, mi niy yi ma Kaka? Ta bar so na."

Latifa ta leƙo ta ce, "Don Allah Inna, ki ce mata wani abu."

Habsa ta ajiye zogalen, ta kira yarinyar, ta zo tana share hanci ta tsaya gabanta. Ta buɗe baki za ta ce mata mummuna. Ta yi ta ƙoƙari, kalmar ta ƙi fita.